Hukuncin Bangar Siyasa Da Hana Abokin Hamayya Magana

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya yi wa ɗan Adam baiwar harshe domin ya faɗi abin da ke ransa, ya yi masa baiwar kunne domin ya ji abin da ke ran ɗan'uwansa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata ɗabi'a ce da ta daɗe tana bin siyasar ƙasar nan, watau a tara samari, a biya su, a tura su wurin taron wata jam'iyya domin su hana magana da ihu da jifa, ko kuwa su tsorata mutane har kowa ya kama bakinsa. Wannan shi a ke kira bangar siyasa. Mutane da yawa suna ɗaukarsa tamkar wani abu ne da addini bai yi magana a kansa ba, alhali kuwa Alƙur'ani ya siffanta shi, ya kuma faɗi ko su wane ne suka fara shi a kan Ma'aiki.

Domin kada maganar ta tsaya a sama, mai karatu ya ɗauki misalin gari kamar Amarawa a ƙasar Illela, a kan hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Kware da Gwadabawa ta nufi bakin iyaka, inda in an ƙetare sai Birnin Ƙwanni. Mutanen wannan yanki manoma ne da 'yan kasuwa da dillalan dabbobi, ran Lahadi suna kasuwar Illela, ran Laraba suna ta Ƙwanni. A gari irin wannan babu baƙo a siyasa. Wanda ke riƙe da tutar wannan jam'iyya surukin mai riƙe da tutar waccan ne, ko abokin cinikinsa, ko wanda su ke haɗa kafaɗa a sahu ɗaya ran Juma'a. Saboda haka duk dutsen da aka jefa a wurin lacca, a cikin dangi zai sauka.

Yadda a ke shirya abin kuwa sananne ne a garuruwan Arewa, ba ya faruwa bisa tsautsayi. Akwai mai ba da kuɗi, wanda ba a ganinsa a wurin. Akwai mai tara yara, wanda ya san wanda ba shi da aikin yi da wanda ƙwaya ta kama. Sa'an nan a raba aiki: waɗansu su kutsa tsakiyar jama'a su jira mai magana ya buɗe baki su ɗauki ihu, waɗansu su ajiye mota mai lasifika daura da wurin su ƙure waƙa, waɗansu su bi dare su yayyage hotunan 'yan takara, waɗansu kuma aikinsu kurum su yi ta kai da kawowa da gora da adda a ƙofar gidan wani dattijo da aka san maganarsa tana da nauyi. Ba lalle ne a taɓa kowa ba. In tsoho ya fasa fita, mace ta fasa zuwa rumfar zaɓe, mai shayi ya roƙi 'yan majalisarsa su bar zancen siyasa a teburinsa, to, bukatar mai biya ta biya.

A cikin Suratu Fussilat, aya ta 26, Allah Maɗaukakin Sarki ya ba da labarin shawarar da kafiran Makka suka ƙulla a tsakaninsu, cewa kada a saurari Alƙur'ani, kuma a cika wurin karatunsa da hayaniya, ko sa samu rinjaye. Kalmar da ayar ta yi amfani da ita ta fito ne daga tushen lagwu, wanda a Larabci ya ke nufin sautin da ba ya ɗauke da ma'ana ko amfani, har Larabawa kan yi amfani da wannan tushe ga kukan tsuntsaye. Malaman tafsiri irin su Mujahid sun fassara hayaniyar da fito da tafi da cakuɗa magana a kan mai karatu. Abubuwa uku ne ke cikin ayar, kuma su ne ginshiƙan banga har yau: hana naka saurare, hana abokin hamayya a ji shi, da neman rinjaye ba tare da hujja ba. Lafazin umurnin kuma na jam'i ne, wasu suna umurtar wasu, watau abu ne da aka zauna aka tsara.

Littattafan tarihin Ma'aiki, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sun nuna yadda aka aiwatar da wannan shiri. Da lokacin aikin hajji ya gabato, Walidu ɗan Mugira ya tara manyan Ƙuraishawa domin su daidaita a kan suna guda da za su laƙaba masa a gaban baƙi, kada bakinsu ya saɓa. Suka auna boka, suka auna mahaukaci, suka auna mawaƙi, daga bisani suka tsaya a kan mai sihiri, suka kuma zazzauna a hanyoyin shiga Makka suna gargaɗin duk mai shigowa. Ɗufailu ɗan Amru, shugaban ƙabilar Dausu, mutum ne mai hankali kuma mawaƙi, amma sai da suka tsorata shi har ya cusa auduga a kunnuwansa kafin ya shiga masallaci. Abu Lahabi kuwa shi ya ɗauki aikin bin ɗan ɗan'uwansa a kasuwar Zul Majaz, duk inda ya tsaya zai yi magana sai ya ɗaga murya daga bayansa yana ƙaryata shi. A shekara ta goma da aiko shi, da ya tafi Ɗa'ifa, shugabannin Saƙifa ba su jefe shi da hannunsu ba. Wawayen gari da bayi suka zuga, aka jeru masa a hanya ana jifa har ƙafafunsa suka yi jini, Zaidu ɗan Harisa yana kare shi da jikinsa. Manya suna inuwa, yara suna rana da duwatsu a hannu.

Wani abin lura da ya dace a tsaya a kansa shi ne yadda Annabi ya karanta wannan sura ita kanta. Utba ɗan Rabi'a ya zo masa a madadin Ƙuraishawa, ya buɗe magana da zargin ya raba kan jama'a, ya aibata iyaye da kakanni, sa'an nan ya yi masa tayin dukiya da shugabanci da sarauta, har da mai magani in aljani ne ya taɓa shi. Magana ce mai zafi, ƙarshenta ma cin fuska ne. Duk da haka Ma'aiki bai katse shi ba. Ya bar shi har ya kai aya, ya kira shi da alkunyarsa ta girmamawa, Abul Walid, ya tambaye shi ko ya gama, da ya ce ya gama sai ya nemi shi ma ya saurare shi. A riwayar Ibn Ishaƙ ya karanta masa Suratu Fussilat har zuwa wurin sujada, watau har da ayar nan ta masu hayaniya, Utba kuwa ya dogara da hannuwansa ta baya yana ji. Da ya koma wurin mutanensa suka ce fuskar da ya dawo da ita ba ita ya tafi da ita ba, ya kuma ba su shawarar su ƙyale mutumin nan da al'amarinsa. In Manzon Allah, wanda ba shi da shakka a kan gaskiyarsa, ya saurari mushiriki har ƙarshen maganarsa, da wace hujja ɗan jam'iyya zai hana Musulmi ɗan'uwansa ƙarasa magana a kan rijiya da taki da hanyar mota?

A nan wani zai ce ai ba a kwatanta 'yan siyasa da Annabi, ba a kuma kwatanta abokan hamayyarsu da Abu Lahabi. Gaskiya ne, kuma haramun ne a kafirta Musulmi saboda jam'iyya. Abin da a ke kwatantawa shi ne aikin. Wanda ya ari hanyar Ƙuraishawa ya ari mugun abu, ko da a kan wa ya yi amfani da ita.

Tarihin ƙasar nan ya ishi mai hankali. A ƙarshen watan Maris na 1953, Anthony Enahoro ya kawo shawara a Majalisar Wakilai ta Ikko cewa Nijeriya ta sami mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya nemi a gyara ta zuwa lokacin da ya dace. Da wakilan Arewa suka fito sai taron jama'a ya yi musu ihu da zagi, abin ya bi su har tashoshin jirgin ƙasa a hanyarsu ta komawa gida. Bayan 'yan makonni jam'iyyar AG ta shirya zuwa Kano yin lacca ƙarƙashin jagorancin Akintola. Ran 16 ga Mayu rikici ya ɓarke a Sabon Gari, aka kwana huɗu ana yi, lissafin hukuma ya nuna mutum 36 sun mutu, 241 sun ji rauni. Waɗanda suka yi ihu a Ikko ba su ne suka mutu a Kano ba.

A waɗannan shekaru ne aka kafa ƙungiyar da a ke kira 'Yan Mahaukata a Kano, masu goyon bayan NPC da En'e, aikinsu tarwatsa laccar NEPU da dukan 'ya'yanta. Ita ma NEPU, wadda aka kafa a 1950, ta tsai da nata samarin, masu laccarta da mawaƙanta kuma ba su raga wa kowa ba wajen zagi. Amma adalci ya sa a faɗi cewa ƙarfin bai zo ɗaya ba, domin izinin yin taro a hannun En'e ya ke, 'yan doka da gidan yari nata ne, an kuwa ɗaure 'yan NEPU da yawa an yi musu bulala. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, mace, ta sha duka da ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. A gabashin lardin Sakkwato, wajen Isa da Shinkafi, an yi rikici a 1956 inda saɓanin ɗariƙa ya cakuɗe da na jam'iyya, wannan kuwa shi ne mafi muni, domin kowane ɓangare yana ganin duka da ya ke yi ibada ce. A ƙetaren iyaka, gabar Sawaba ta Djibo Bakary da RDA ta Diori Hamani ta kai ga haramta Sawaba a 1959, da aka toshe bakin magana sai aka koma ga makami a 1964, har aka jefa wa Diori gurneti a filin Idi a 1965.

A Jamhuriya ta biyu abin bai sake zani ba. Ran 10 ga Yuli 1981, bayan takardar tuhuma da gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero, gungun mutane suka ƙona gidan rediyo da ofisoshin gwamnati, suka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa, a gidansa. Mutum ne da makaminsa alƙalami da lacca. Daga 1999 kuma kowace jiha da sunan da ta ba nata: 'yan daba a Kano, 'yan kalare a Gombe, sara-suka a Bauci. Rikicin bayan zaɓen 2011 ya ci rayuka fiye da 800 a jihohin Arewa. A zaɓen Fabrairu na 2023 hukumar zaɓe ta kasa bayyana waɗanda suka ci kujeru uku na Majalisar Dattawa a Jihar Sakkwato, har da ta gabas wadda Illela ke cikinta, saboda yawan rumfunan da aka soke ƙuri'unsu sakamakon hargitsi, sai a watan Afrilu aka kammala. Mutanen bakin iyaka kuma sun ga abin da ya sami maƙwabta: soja suka karɓi mulki a Nijar a Yulin 2023, aka rufe iyakar Illela watanni, ciniki ya tsaya, a Maris na 2025 kuma aka rushe jam'iyyun ƙasar gaba ɗaya. Nijeriya ma ta ɗanɗana irin wannan a 1966 da 1983. 'Yancin yin gardama a fili abu ne da a ke iya rasawa.

Malaman Musulunci ba su hana gardama ba, tsari suka yi mata, har ta zama fanni mai zaman kansa da a ke kira ladubban bincike da munazara. Kalmar munazara daga dubawa ta fito, kuma siffar kalmar a Larabci tana nuna aikin mutum biyu ne, watau su biyun suna duban mas'ala guda domin gaskiya ta bayyana. A wannan fanni, in mai tambaya ya faɗa cikin aikin mai kafa hujja tun bai gama ba, sunan abin da ya yi ƙwace, kuma ba a karɓa daga gare shi. In mutum ya ci gaba da musu bayan gaskiya ta bayyana masa, sunan wannan mukabara, ana barin magana da shi. An ruwaito cewa Imam Shafi'i bai damu ba ko a harshensa gaskiya ta fito ko a harshen abokin gardamarsa. Imam Gazali kuma a cikin Ihya'u ya lissafa cututtukan da gardamar neman rinjaye ke haifarwa, irin su hassada da girman kai da ƙullaci da giba. Asalin wannan duka yana cikin Suratun Nahli, aya ta 125, inda aka yi umurni da yin jayayya ta hanya mafi kyau, da Suratu Ɗaha, aya ta 44, inda aka umurci Annabi Musa da Haruna su yi wa Fir'auna magana mai laushi, da Suratul Hujurat, aya ta 11, wadda ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙubba.

Kada kuma masu addini su ɗauka su sun tsira. Imam Ɗabari, mai babban tafsirin nan, a ƙarshen rayuwarsa a Bagadaza wasu masu zafin kai daga mabiyan mazhabar Hambaliyya suka yi wa gidansa jifa, suka hana ɗalibai zuwa wurinsa, har ya rasu a shekara ta 310 bayan hijira aka binne shi a cikin gidansa. Abin mamaki, Imam Ahmad da su ke iƙirarin karewa shi kansa bulala ya sha a kan ya ƙi sakin abin da ya gaskata. A ƙasar nan kuwa akwai kyakkyawan misali. Lokacin da Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi na Barno ya rubuto yana tuhumar jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a kan halaccin yaƙinsu, Muhammadu Bello ya kwafe wasiƙarsa da hujjojinta masu ƙarfi a cikin littafinsa Infaƙul Maisur, sa'an nan ya ba da amsa. Ana tsakiyar yaƙi ke nan, amma ya bar wa na baya maganar abokin hamayyarsa domin su auna da kansu.

Game da hukunci, tsoratar da Musulmi haramun ne ko da da wasa, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Dawuda, wanda dalilinsa bai wuce wasu sahabbai da suka ɓoye kayan wani yana barci ya farka a firgice ba. Muslim ya ruwaito cewa mala'iku suna la'antar wanda ya nuna ɗan'uwansa da ƙarfe har sai ya bari, ko da shaƙiƙinsa ne. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa zagin Musulmi fasiƙanci ne, kuma fajirci a lokacin husuma yana daga alamomin munafuki. Kuɗin da a ke biyan ɗan banga haramun ne ga mai bayarwa da mai karɓa, domin ƙodago a kan saɓon Allah ɓatacce ne a wurin malamai. In aka kashe rai, mazhabar Malikiyya ta tafi a kan cewa ana kashe jama'a saboda mutum ɗaya in sun haɗa baki, bisa hukuncin Sayyidina Umar a kan mutanen San'a'a wanda ke cikin Muwaɗɗa. Imam Malik kuma yana ganin wanda ya fito da makami yana tare hanya yana firgita mutane ɗan fashi ne, ko a daji ko a cikin gari. Zartar da waɗannan hukunce-hukunce aikin hukuma ne da alƙali, ba na wanda aka zalunta ko jam'iyyarsa ba. Dokar ƙasa ma ta zo daidai da wannan, domin sashe na 227 na tsarin mulkin 1999 ya hana kowace ƙungiya ajiye mutane ko horar da su don nuna ƙarfi a siyasa, Dokar Zaɓe ta 2022 kuma ta hana zagi da ɗaukar makami a wurin taron neman ƙuri'a.

Uzurin da aka fi ji shi ne, ai su suka fara. Shari'a ta yarda mutum ya kare kansa a lokacin da aka auka masa, gwargwadon abin da zai tunkuɗe cutar. Amma tara yara bayan kwana uku a tafi taron waɗancan a rama, wannan sabon zalunci ne, mafi yawa ma a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Suratul An'am, aya ta 108, ta hana zagin gumaka ma saboda abin da zagin zai jawo, balle zagin uban wani a lasifika. Uzuri na biyu shi ne talauci, kuma ba a musun cewa yaron da ya wuni a bakin tasha bai sami lodi ba yana da sauƙin saye. Wannan yana ƙara wa mai sayensa nauyin zunubi, amma bai sauke wa baligi mai hankali nasa ba. Ɗan mai ba da kuɗin yana makaranta a birni ko a ƙasar waje, wannan kuwa ko yaran da kansu sun sani.

A gari kamar Amarawa maganin ya fi kusa da hannu fiye da a birni, domin babu ɗan bangar da ba a san gidansu ba. Liman da hakimi da dattawan unguwa suna iya kiran shugabannin jam'iyyu tun kafin a buga gangar zaɓe, a raba ranakun taro da wurare, a yarda cewa wanda ya kawo yara daga wani gari shi zai ɗauki alhakin abin da suka yi. Irin wannan ne aka yi a sama a 2015, lokacin da 'yan takarar shugaban ƙasa suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Abuja, kwamitin Janar Abdussalami Abubakar, wanda Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ke cikinsa, ya bi bayanta. Sharaɗin kurum shi ne limamin kada a san shi da jam'iyya a kan mumbari, in ba haka ba rabin sahu ba zai ji kiransa ba.

Wanda kuma ya riga ya shiga wannan aiki yana son tuba, istigfari kaɗai bai isar masa ba, domin haƙƙin mutane ne. Zai biya gilashin motar da ya fasa da rumfar da ya rushe da kuɗin maganin wanda ya raunata, zai je ya nemi gafarar wanda ya zaga a bainar jama'a, in ya ƙaga masa ƙarya kuma ya warware ta a inda ya faɗe ta. In bai san mai kayan ba, ya nema bai samu ba, sai ya yi sadaka da ƙimarsu a madadinsa. Wanda ya ba da kuɗin aka yi ɓarnar, shi ma ya nemi waɗanda aka cuta ya sauke nauyinsu tun yana da iko, ko da ya ci zaɓen ko bai ci ba. Allah shi ne Mafi sani.